Nasiha Ga Matasan 'Yan Kasuwa: Ku Tsare Uwar Kuɗi, Ku Tsare Amana

'Ya'yana da jikokina, maza da mata, masu shago da masu tebur, masu ɗinki da masu injin niƙa, masu sana'a a cikin gida da masu 'yar ƙaramar masana'anta. Allah ya yi muku albarka, ya sa albarka a cikin nemanku.

Na san halin da kuke ciki. Daga Kantin Kwari zuwa Singa, daga Dawanau zuwa kasuwar Maraɗi, kuka iri ɗaya ake ji: babu kuɗi a hannun mutane, kaya sun yi tsada, wanda ya karɓi bashi ya daina bi ta ƙofar shago. Da yawa daga cikinku wannan ne karon farko da kasuwa ta juya muku baya, shi ya sa abin ya girgiza ku. Mu da muka daɗe mun sha ganin irinsa, mun ga waɗanda suka tsallake, mun ga waɗanda suka durƙushe. Abin da na fahimta a tsawon shekarun nan magana ɗaya ce: idan tattalin arziki ya karye, abu biyu ɗan kasuwa yake tsarewa, uwar kuɗinsa da amanarsa. Riba tana iya jira. Wanda ya fito daga matsi da waɗannan biyun zai sake miƙewa, wanda kuwa ya rasa ɗaya daga cikinsu, ko kasuwa ta buɗe sai dai ya ga wasu suna ci.

Bari in ɗan koma da ku baya, domin ku san cewa wannan hanya an bi ta kafin ku.

A tsakiyar shekarun 1970 kuɗin man fetur ya yi ta kwararowa, aka biya ma'aikata kuɗin Udoji, kowa ya shiga sayen rediyo da babur da atamfa. A 1980 Dalar Amurka ɗaya ba ta kai naira ɗaya ba. Sai farashin mai ya faɗi a kasuwar duniya. A 1982 gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta kawo dokar tsuke bakin aljihu, aka taƙaita shigo da kaya, masana'antu suka rasa kayan aiki. Ba a jima ba mutane suka koma bin layi don sayen madara da sabulu da sukari. A watan Afrilun 1984 gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta sauya launin takardun naira, aka rufe iyakoki, aka ba mutane 'yan kwanaki su canza kuɗinsu. A 1986 Janar Ibrahim Babangida ya kawo shirin SAP, aka fara gwanjon kuɗin waje, Dala ta haye zuwa wajen naira huɗu, aka rushe hukumomin da ke sayen gyaɗa da auduga da hatsi daga hannun manoma. 'Yan'uwanmu na Nijar su ma sun ɗanɗana tasu a watan Janairun 1994, lokacin da aka zabge rabin darajar Sefa a dare ɗaya.

Na bayan nan kun gan su da idonku. Gangar ɗanyen mai da ta haura Dala 100 a tsakiyar 2014 ta sauko ƙasa da Dala 30 a farkon 2016. A shekarar ce Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta tabbatar da cewa tattalin arzikin Najeriya ya karye, wato abin da ƙasa ke samarwa ya ragu wata uku, ya sake raguwa wata uku a jere. Aka fita a 2017, sai annobar korona ta sake mayar da mu a 2020. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, litar fetur da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki. A watan Yuni aka saki naira ta nema wa kanta daraja, kafin a je ko'ina Dala ta wuce naira 1,500. A ƙarshen 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin 100. A lissafin masana, ba a ce tattalin arziki ya karye a waɗannan shekaru biyun ba, domin a takarda yana ɗan ƙaruwa. Amma mai shago ya san abin da ya gani a aljihun tebur ɗinsa. Saboda haka kada ku jira sanarwar hukuma kafin ku gyara tafiya. Ranar da kuka ga mai sayen buhu ya koma sayen kwano, mai sayen kwano ya koma sayen gwangwani, ranar matsi ya iso.

To, abu na farko: ku riƙa lissafa jarinku da kaya, ku daina lissafa shi da naira. Wannan shi ne ramin da ya fi cin matasa, domin mutum yana faɗuwa yana murna. A ce ka saro katan 100 na sabulu, kowanne naira 10,000. Ka sayar a kan 11,000, ka ga ribar naira 100,000, ka ce alhamdu lillahi. Ka koma wurin sari ka tarar katan ya koma 12,000. Duk kuɗin hannunka, uwa da riba, katan 91 za su saya maka. In kuwa ka riga ka kai ribar gida an ci, katan 83 za ka ɗauko. Ka yi haka sau uku, sau huɗu, sai ka ga kanta ta fara yin fili, alhali kullum kana ganin kamar riba kake ci. Don haka kafin ka yanke farashi, ka bugi wanda kake sari a wurinsa ka ji nawa kayan suke yau. Ribarka ita ce abin da ya rage bayan ka mayar da katan 100 ɗin nan kan kanta.

Sai dai a nan akwai amana. Ƙarin farashi saboda sari ya tashi hakkinka ne. Ƙarin farashi saboda ka ji jita-jita a kasuwar canji ta Wapa cewa Dala za ta tashi gobe zalunci ne. Kuma wanda ya yi hanzarin ƙarawa lokacin da sari ya hau, ya yi hanzarin ragewa idan ya sauko. Masu saye suna lura, suna kuma faɗa wa juna.

Abu na biyu: ku bi kayan da ke tafiya. A lokacin yalwa ana iya ajiye leshi mai tsada wata shida ana jiran mai rabo. A lokacin matsi, kayan da suka yi kwantai jari ne a ɗaure, ga kuɗin haya yana tafiya, ga darajar naira tana raguwa. Gara ƙaramar riba mai juyawa sau goma da babbar riba mai zuwa sau ɗaya. Idan kaya sun ƙi tafiya, ka karyar da su tun suna da sauran daraja, ka zuba kuɗin a abin da mutane ba sa iya kwana babu shi. Ka dubi mai saye da kyau, ka ga abin da aljihunsa zai iya ɗauka. Idan ba ya iya sayen galan ɗin mai, ka auna masa kwalba, idan kwalba ta gagara ka ƙulla masa na ɗari biyu. Manyan kamfanoni ma haka suka yi, shi ya sa kuke ganin madara da omo da tumatir a ƙananan leda. Idan kiɗa ya canza, dole rawa ta canza.

Amma ku ji ni da kyau: rage yawan abin da ake sayarwa a fili daban, tauye mudu daban. Wanda ya ce wa mai saye rabin kwano ne wannan, ga kuɗinsa, ya yi kasuwanci. Wanda ya buge gindin kwano, ko ya zuba tsakuwa a wake, ko ya yi algus a man gyaɗa da manja, ya ci haram, kuma ya kashe kasuwarsa da hannunsa. Kun san labarin mutanen Annabi Shu'aibu, Alaihis salam, da abin da tauye awo ya jawo musu. Yunwa tana wucewa, amma matar da ka cuta a mudu ba za ta manta da fuskarka ba, kuma 'ya'yanta ma ba za su saya a wurinka ba.

Abu na uku shi ne bashi, wanda ka bayar da wanda ka ci. Kasuwar Bahaushe a kan yarda aka gina ta. Fatake sun kai goro daga Gwanja zuwa Kano, sun kai shanu Legas, ba takarda ba lauya, sai magana. Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, da irin wannan yarda ya riƙa ba wakilansa kuɗi suna shiga ƙauyuka suna saya masa gyaɗa. Ba na so ku yar da wannan gado. Amma yarda ba ta hana rubutu. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani mai girma a kan rubuta bashi ta sauka, da kafa shaidu. Ka sayi littafi, ka rubuta suna da rana da adadi da ranar biya, ko da ƙaninka ne. Ka sa wa kowane mai karɓa iyaka, kada ya ƙara sai ya sauke na baya. Ka san jimillar kuɗinka da ke waje. Idan ta kusa kai rabin jarinka, to shagon ya tashi daga hannunka ya koma hannun mutane.

Ka kuma bambanta wanda ya kasa da wanda ya ƙi. Wanda ka san halinsa shekara da shekaru, yau ciwo ko gobara ko rashin albashi ya kayar da shi, ka jinkirta masa, ka raba masa biyan kaɗan-kaɗan, haka addini ya umarta. Wanda kuwa ka gani ya sauya babur da kuɗinka a wuyansa, ka rufe masa littafi ba tare da faɗa ba. Kai ma idan ka ga ranar biyan wanda ya ba ka kaya ta matso ba ka da hali, kada ka kashe waya. Ka je da ƙafarka tun kafin ranar, ka gaishe shi, ka ce, Alhaji, ga abin da ya samu, ga abin da na kawo, saura kuma rana kaza. Wallahi manyan 'yan kasuwa sun fi son wannan da wanda zai ɓace wata biyu ya dawo da kuɗi cikakku. A lokacin da kaya suka yi ƙaranci, mai kaya yana zaɓen waɗanda zai ba, kuma masu gaskiya yake fara tunawa.

Bashin banki mai ruwa kuwa, ban da hukuncinsa a addini, ku dubi lissafinsa. A ƙarshen 2024 Babban Bankin Najeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin 100, bankunan kasuwanci kuma sama da haka suke ba ƙananan 'yan kasuwa. Wace sana'ar halal ce za ta biya wannan, ta biya haya da wuta da yara, har ta bar maka na cefane, a lokacin da ciniki ya ja baya? Mafi haɗari shi ne cin bashi da Dala alhali da naira kake sayarwa. Kamfanoni irin su MTN da Nestle, masu akantoci da lauyoyi, sun bayyana asarar biliyoyin naira a lissafinsu na 2023 saboda faɗuwar naira. In abin ya taɓa su haka, ina ga mai shago ɗaya? Idan kana bukatar ƙarin jari, akwai adashi da mutanen da ka sani, akwai haɗin gwiwa da mai kuɗi a raba riba da asara, akwai bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012. Kowanne ka zaɓa, a rubuta sharuɗɗa, a sa shaidu.

Ku kuma yi nesa da duk wanda ya ce ka kawo dubu ɗari ka karɓi dubu ɗari da talatin a ƙarshen wata ba tare da ya nuna maka abin da yake saye da sayarwa ba. Irin waɗannan a lokacin matsi suke tsirowa, domin sun san mutane sun ƙosa. MMM ta kulle kuɗin jama'a a watan Disambar 2016, ana tsakiyar karayar arziki. A watan Afrilun 2025 wata mai suna CBEX ta sake yin awon gaba da dukiyar mutane. Suna ne kawai yake canzawa. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Abu na huɗu: ku raba aljihun gida da aljihun shago. Ka yanka wa kanka abin da za ka riƙa ɗauka a mako ko a wata, kamar yadda kake yanka wa yaronka, ka tsaya a kai. Na san nauyin da ke kanku. Ga iyaye, ga ƙanne a makaranta, ga mai haihuwa, ga mara lafiya, kowa kai yake kallo. Zumunci wajibi ne, kuma ba ya rage dukiya. Amma ka ware masa kasonsa daga riba, ka gaya wa 'yan'uwa gaskiyar abin da za ka iya. Idan ka cinye uwar kuɗi don kada a ce ka gaza, badi kai da su duka za ku rasa madafa. Biki da suna da lefe a yi su daidai ƙarfi. Ku 'yan mata da matan aure masu sana'a a cikin gida, wannan magana ta fi shafar ku, domin kuɗin sana'arku ne ake fara miƙa wa hannu idan cefane ya gaza. Ki taimaki gidanki, Allah zai ba ki lada, amma ki san adadin da ba a taɓawa, ki ajiye shi inda hannu ba ya saurin kaiwa. Zakka kuma idan ta wajaba a fitar da ita cikakkiya, a lokacin yunwa ne ta fi amfani ga masu karɓa.

Kada ku tara komai a wuri ɗaya. A watan Maris na 2016 gobara ta cinye dubban shaguna a kasuwar Sabon Gari ta Kano, mutane da dama kayansu da tsabar kuɗinsu duk a ciki suke. A farkon 2023, da aka sauya fasalin naira takardun kuɗi suka ɓace, wanda yake da asusun banki da na'urar POS ya ci gaba da ciniki, wanda bai yarda da komai ba sai tsaba ya zauna yana kallon kayansa suna lalacewa. Ka raba: wani abu a kaya, wani a banki, wani a ɗan abin da ba ya saurin narkewa, kamar dabba ko fili idan hali ya yi.

Abu na biyar, riƙon mutane. A nan ake gane shugaba. Idan ciniki ya ragu, abin da ke fara zuwa zuciyar maigida shi ne ya rage yara. Ni kuwa ina cewa ka fara ragewa daga kanka. Motar da ake kunna wa sanyi, tafiyar da ba ta zama dole ba, shago na biyu da ba ya fitar da kuɗin hayarsa, janareta da ke aiki babu mai saye, duk waɗannan su fara tafiya kafin a taɓa abincin yaro. Idan abin ya kai ga dole, ka tara su ka faɗa musu gaskiya: ga abin da ke shigowa, ga abin da ke fita. Sau da yawa za ka ji sun kawo shawarar da ba ta zo maka ba, domin su ne ke tsaye da masu saye, sun san abin da ake tambaya ba a samu. Wataƙila su yarda a riƙa yin karɓa-karɓa har Allah ya kawo sauƙi. Wanda za ka sallama, ka sallame shi da mutunci, ka biya shi hakkinsa a hannu, in da hali ka ɗora masa ɗan abin da zai fara tebur.

Kada ka riƙe albashin yaro kana juyawa. Yaron da ke kwana da yunwa alhali yana ƙirga maka dubbai, kai ka buɗe masa ƙofar sata. Yaron da ka koya wa aiki shekara biyar, ya san kaya, ya san mutane, shi ma jari ne, kuma ranar da kasuwa ta dawo ba za ka same shi a kanti ka saya ba. Ku kuma yaran shago, ku riƙe amana. Maigidan da ya riƙe ku a lokacin da shi kansa yake jin jiki ya cancanci ku tsaya masa. A irin wannan lokaci ne ake gane wanda za a ba jari gobe.

Masu ƙananan masana'antu, ku ɗauki darasi daga masaƙun Kaduna da Kano. Masaƙar KTL ta fara aiki a Kaduna a 1957, ta rufe a 2002. Masaƙar UNTL, wadda ta fi kowace girma, ta dakatar da aikinta na Kaduna a 2007. A Bompai da Sharaɗa da Challawa gine-gine nawa ne suka koma rumbunan ajiye kayan waje? Rashin wutar lantarki da tsadar baƙin mai da fasa-ƙwaurin atamfa su ne manyan dalilai, kuma waɗannan ba laifin masu masaƙa ba ne. Amma akwai abin da ke hannun masu gudanarwa: da yawa sun shiga matsi da tsofaffin injuna, domin a shekarun da ake samu ba a sabunta su ba. Gyara a lokacin yalwa ake yin sa. A lokacin matsi kuma ka san nawa kowane abu da kake fitarwa yake ci maka na wuta da gas da lada, ka nemi kayan aikin da ake samu a gida, ka yi magana da maƙwabtanka ku haɗa kuɗi ku yi sari tare, ko ku ɗauki mota ɗaya.

Yanzu sai maganar gwamnati, kuma a nan ina so ku natsu. Kada ka gina dukan kasuwancinka a kan doka ɗaya, domin wanda ya kafa ta yana iya ɗage ta, ko wanda ya gaje shi ya soke ta. A 1987 an hana shigo da alkama, manoma a Kadawa da sauran wuraren noman rani suka duƙufa, bayan 'yan shekaru aka ɗage hanin, alkamar waje ta dawo. A watan Yunin 2015 Babban Banki ya hana ba da kuɗin waje don shigo da kaya iri 41, ciki har da shinkafa. A watan Oktoban 2023 aka janye. A watan Agustan 2019 aka rufe iyakokin ƙasa, a watan Disambar 2020 aka fara buɗewa. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 aka sake rufe iyaka, motoci suka yi cirko-cirko a Jibiya da Illela da Maigatari, kayan gwari suka ruɓe a kansu, mutanen da suke 'yan'uwan juna ta jini da aure suka kasa kai wa juna kaya. A watan Yulin 2024 gwamnati ta sanar da ɗage harajin shigo da wasu kayan abinci na kwana 150, a 2025 kuma farashin hatsi ya faɗi, waɗanda suka cika rumbuna da masara suna jiran ta ninka suka tafka asara. Sayen hatsi da kaka a sayar da bazara tsohuwar sana'a ce mai amfani. Ɓoye abinci ana yunwa don a ƙuntata wa jama'a kuwa addini ya hana, kuma ga shi kasuwa ma tana hukunta mai yi.

Idan doka ta buɗe maka ƙofa, ka shiga, amma ka tambayi kanka: ranar da aka soke ta, zan iya tsayawa? Ka yi amfani da lokacin ka rage tsadar aikinka, ka inganta kayanka. Ka riƙa sauraron rediyo idan ana maganar kasafin kuɗi da farashin ɗanyen mai da zaman Babban Banki, domin abin da aka yanke a Abuja yau, jibi yana kan kantarka. Idan ka karɓi rancen gwamnati, ka biya. Shirin ba manoma rance da aka ƙaddamar a Kebbi a watan Nuwamban 2015 ya fitar da sama da naira tiriliyan ɗaya, ya kuma taimaka wa noman shinkafa, amma mutane da yawa sun ɗauke shi rabonsu ne na arzikin ƙasa suka ƙi biya. Wanda ya yi haka ƙannensa ya toshe wa hanya. Ku shiga ƙungiyoyin kasuwanninku, ku zaɓi shugabanni masu gaskiya, ku kai kukanku a tare kuma a rubuce, domin muryar mutum ɗaya ba ta isa ofis.

A cikinku akwai waɗanda gobe za su zama kansiloli da kwamishinoni da daraktoci, har da gwamnoni in Allah ya so. Ku riƙe waɗannan tun yanzu. Tanadi a lokacin yalwa shi ne tushen mulki, tun daga shawarar da Annabi Yusuf, Alaihis salam, ya bayar a Masar ta tara hatsin shekara bakwai. A 2004 Najeriya ta buɗe asusun rarar kuɗin mai, ya kai wajen Dala biliyan 20 a 2008, shi ya rage mana zafin rikicin kuɗin duniya na lokacin. Da mai ya sake faɗuwa a 2014 da 2015, abin da ya rage a ciki bai wuce 'yan biliyan biyu ba, sai muka shiga 2016 kusan hannu rabbana. Sannan duk gyaran da zai taɓa abincin talaka a yi masa shiri, a ba da wa'adi, a fara tanadar abin da zai rage raɗaɗi. Mutane da yawa sun yarda akwai ɓarna a tallafin mai. Abin da ya fi yi musu ciwo shi ne saukar abin a kansu rana ɗaya, ga faɗuwar naira ta biyo baya cikin makonni. Ɗan kasuwa yana iya jure doka mai tsauri idan ya san za ta daɗe. Abin da ke karya shi shi ne yau a ce kaza, gobe a ce kaza. Ku ba masu sana'a wuta, ku rage shingayen karɓar kuɗi a kan hanya da haraji iri-iri a kan shago ɗaya, ku tsare manomi ya iya zuwa gonarsa, domin babu dabarar banki da za ta saukar da farashin abinci idan ba a noma ba. Kuma shugaban da ya ce wa jama'a su tsuke bakin aljihu, a fara ganin tsukewar a ayarin motocinsa.

'Ya'yana, ban ce muku abin mai sauƙi ne ba. Wani zai bi duk wannan kuma jarrabawa ta same shi, domin arziki na Allah ne. Wanda hakan ta faɗa wa kada ya ji kunyar komawa tebur bayan shago, ko komawa yaron wani bayan ya yi maigida. Muddin sunansa bai ɓaci ba, akwai mai kiransa ya ba shi kaya. Matsin 1982 ya wuce, na 1986 ya wuce, na 2016 ya wuce, wannan ma zai wuce da yardar Allah.

Saboda haka ina roƙon kowannenku, a cikin makon nan, ya zauna ya ƙirga kayansa, ya rubuta abin da yake bi da abin da ake bin sa, ya yanka wa kansa abin da zai riƙa kaiwa gida, ya je ya ga wanda yake ɓoye wa saboda bashi. Ku cika mudu, ku cika alkawari, ku ji tausayin na ƙasa da ku. Allah ya ba ku halal mai albarka, ya tsare ku daga bashin da ba ku iya biya, ya ba shugabanninmu ikon yin adalci, ya kawo wa ƙasashenmu sauƙi da zaman lafiya. Amin.